Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Masu Masana'antun Sharaɗa, Bompai da Chalawa: Jinyar Ma'aikaci Ba Sadaka Ba Ce

Assalamu alaikum.

Ranku ya daɗe Alhazai da Hajiyoyi, iyayen gidanmu. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, iyali lafiya, kasuwa kuma tana ɗan motsi. Mai rubuto muku wannan takarda tsohon akawun albashi ne. Shekara ashirin da 'yan kai na yi a wani ɗan ofis da ke jikin ƙofar wani kamfanin roba a garin nan, ina ƙirga kwanakin mutane ina mayar da su naira. Ba zan kama sunan kamfanin ba. Na ci arzikinsu, da albashinsu na yi aure har na aurar, kuma abin da zan faɗa ba su kaɗai ke yin sa ba.

Wani dare, wajen ƙarfe biyu, injin niƙa roba ya kama hannun wani yaro cikin masu aikin kwana. Roba ce ta cushe, ya zura hannu zai zaro ta, injin kuwa a kunne, murfin da ke kare bakinsa kuma an daɗe da cire shi, wai yana rage sauri. Yatsu huɗu na hannun dama suka tafi. Da rigar ɗaya daga cikinsu abokan aikinsa suka ɗaure hannun, domin akwatin magani da ke rataye a bango babu komai a ciki sai almakashi da busasshiyar kwalbar aidin. Da ƙyar aka samo a-daidaita-sahu ya kai shi asibiti. Gari na wayewa aka zagaya da hula, wannan ya jefa ɗari biyu, wancan ɗari biyar. Alhaji yana Umra, manaja kuma ya ce ba shi da ikon fitar da ko kwabo sai an ji daga bakinsa. Sai a kwana na uku aka same shi a waya. Ya yi salati, ya yi addu'a, ya ce a kai wa yaron kuɗi a ambulan. Tsakanina da Allah ba kaɗan ya bayar ba, da su aka yi tiyatar. Wata na farko aka biya yaron albashinsa cif. Wata na biyu rabi. A wata na uku manaja ya leƙo ofishina ya ce an ɗauki wani, in cire sunan. Ni na ɗora rula na ja layi a kai da jan biro. Kuɗin ambulan ɗin nan kuwa, ƙarƙashin "taimako" na shigar da su a littafi, shafi ɗaya da gudummawar masallaci da goron salla.

Kalmar nan ta taimako ita ce ta sa na ɗauki alƙalami yau.

Na san inda muka gaje ta. Yaron shago a Kurmi ko a Kwari ba shi da takardar ɗauka, amma yana da ubangida. In ya kwanta ciwo maigida ne zai kai shi asibiti. In an yi masa haihuwa, ragon suna daga gidan maigida zai fito. In ya daɗe yana hidima a yaye shi da jari. Tsari ne mai kyau, ya riƙe gidaje da yawa, amma abin da ya riƙe shi kansa sanayya ce: maigida ya san uwar yaron, ya san ƙofar gidansu, kunyar idon jama'a kuma ba za ta bar shi ya yar da shi ba. To mai ma'aikata ɗari huɗu, waɗanda rabinsu ta hannun ɗan kwangila suka shigo, wa ya sani a cikinsu? Sunan mun ɗauko shi, har gobe "yarana" kuke cewa, amma nauyin da ke tafe da sunan a kasuwa muka baro shi. Abin da ya rage shi ne jinyar mutum ta rataya a kan ko Alhaji yana gari, ko ya tashi da fara'a, ko an sayar da kaya a makon.

Ba mu muka fara isowa wannan mararraba ba. Jamus ta iso ta tun a 1883, lokacin da shugaban gwamnatinta Otto von Bismarck ya kafa dokar asusun jinyar ma'aikata, ma'aikaci na zuba kashi biyu cikin uku, mai kamfani kashi ɗaya. Ba tausayi ne ya ishe shi ba. Masana'antu sun cika da leburori, 'yan ra'ayin gurguzu suna ta janye su, shi kuma ya ga in bai ba su abin riƙewa ba, wata rana za su kifar da jirgin da kowa ke ciki. Amma dokar da nake so ku duba da idon basira ita ce ta shekarar da ta biyo, 1884, ta hatsarin wurin aiki. A wannan ma'aikaci ba ya biyan ko sisi, masu kamfanoni kaɗai ke biya, kuma ba kowa da kiwon da ya karɓe shi ba. Haɗa su aka yi ƙungiya-ƙungiya bisa sana'a, masu ƙarfe daban, masu gini daban, masu masaƙa daban, kowace ƙungiya da asusunta. Sana'ar da ta fi hatsari ta fi biya. Sai ya zama masu kamfanonin ne da kansu ke ɗaukar masu duba injina suna tura su masana'antun junansu, tun da duk yatsan da ya guntule daga aljihunsu baki ɗaya za a biya shi. Murfin injin da muka cire ɗin nan, da a can ne, ba sai gwamnati ta zo ba, mai binciken da mu da kanmu muke biya shi zai fara kama mu. Yaƙin duniya biyu sun wuce ta kan ƙasar, tsarin yana nan. A yau ma'aikacin Jamus in ya kwanta, kamfani zai biya shi cikakken albashi har mako shida, daga nan asusun jinya ya karɓa, zubin asusun kuma raba-daidai ake yi tsakaninsa da maigidansa.

Maƙwabciyarsu Holan ta fi haka tsauri: har shekara biyu kamfani ke biyan marar lafiya aƙalla kashi 70 cikin 100 na albashinsa. Ban ce ku yi haka ba, ko a can masu ƙananan kamfanoni kuka suke yi da dokar. Ɗaya ɓangarenta ne ya tsaya mini a rai, wato tilas ne kamfani ya nemi wani aikin da mutumin zai iya a halin da yake ciki. Yaron nan namu da hannun hagu zai iya riƙe littafin ƙofa. Zai iya ƙirga buhuna a sito. Babu wanda tunanin ya zo wa, har da ni da nake da rula a hannu.

Labarin Amurka ya fi daɗin ji a farkonsa. A 1933 wani matashin likita, Sidney Garfield, ya buɗe ɗan asibiti a hamadar Kalifoniya domin leburorin da ke haƙa hanyar kai ruwa birnin Los Anjeles. Ya kusa karyewa, domin sai mutum ya ji ciwo ake neman kuɗi, su kuma kuɗin ba sa zuwa. Sai aka juya tsarin, aka riƙa biyansa tun kafin ciwo, 'yan kwabbai a kan kowane lebura kowace rana. Daga ranar ribar likita ta koma kan kada kowa ya jikkata. Attajiri Henry Kaiser ya ɗauke shi zuwa ginin madatsar ruwa, daga can zuwa masana'antar ƙera jiragen ruwa a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, abin da ya haifi Kaiser Permanente, tsarin inshorar lafiya da asibitoci da ke nan har yau. A cikin yaƙin ne kuma, a 1942, gwamnatin Amurka ta hana ƙarin albashi, sai kamfanoni suka koma zawarcin ma'aikata da inshorar lafiya, a 1954 aka tabbatar da cewa ba a cire mata haraji. Haka kawai, ba tare da wani ya zauna ya tsara ba, wajen rabin mutanen ƙasar suka wayi gari katin asibitinsu a hannun maigidansu yake. Illar ita ce ranar da aka sallami mutum, kati ya kama hanyar bin aiki. Za ka ga mai fama da ciwon daji yana haƙuri da aikin da ya tsana don kada magani ya yanke. Ƙasa mai wannan arziki, har yanzu ba ta da dokar tarayya ta dindindin da ta tilasta wa kamfanoni masu zaman kansu biyan albashin kwanakin jinya. Dokarsu ta 1993 mako 12 ta ba da, ba ko sisi. Shi ya sa nake cewa ɗakin shan magani da nas a cikin kamfani abu ne mai kyau, wanda yake da shi Allah Ya saka masa, amma bai wadatar ba. Katin ya kamata ya zama da sunan ma'aikaci, a asusun da ke wajen katangarku, wanda ko ya saɓa da manaja zai iya ci gaba da zubi da kansa.

Japan kuwa ta rigakafi ta bi. Dokarsu ta 1972 ta wajabta wa kamfani ya sa a duba lafiyar ma'aikatansa duk shekara, wurin da ke da mutum 50 zuwa sama kuma dole ya naɗa likitan da ke kula da su. Ba don su waliyyai ba ne, mutanen da har suna suke da shi na musamman, karoshi, domin wanda aiki ya kashe. Na kawo su ne saboda a shekarun da na yi a ɗan ofishin nan, ba injin ne ya fi ɗauke mana mutane ba. Hawan jini ne. Magidanci ya yanke jiki ya faɗi a wajen alwala, a ce shanyewar ɓarin jiki, 'yan'uwa su ce jifa ne, a tafi da shi ƙauye. Na'urar gwada jinin nan ba ta kai kuɗin tayar babbar mota ɗaya ba.

Yanzu bari in zo kan abin da wani daga cikinku ya taɓa faɗa mini a wajen ɗaurin aure, cewa shi inshora ba ya cikinta, caca ce, kuma Allah ke ba da lafiya. Haka ne, Allah ke ba da lafiya. Amma Alhaji, kusan duk shekara kana Saudiyya. Direban da ke kai ka Madina da mai shara a masaukinka, in kamfani ne ya ɗauke su, doka ta tilasta wa kamfanin ya yi musu inshorar lafiya ta haɗin gwiwa, ba a ma sabunta wa baƙo iƙama sai da ita. Daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba kuma doka ta hana a sa lebura aiki cikin rana tsakanin ƙarfe 12 da ƙarfe 3. Ban ce baƙin ma'aikata a can suna cikin daula ba, duk mun ji labarin 'ya'yanmu da suka tafi aikatau. Abin da nake nufi kawai shi ne malamai sun daɗe da fitar da hanya. A Sudan aka kafa kamfanin inshorar Musulunci na farko tun 1979. A ƙasar nan akwai kamfanonin takaful, wato inshorar Musulunci, masu lasisi. Ita kanta hukumar asusun jinya ta jiharmu, KSCHMA, da sunan taimakekeniya aka kafa ta, mai lafiya ya zuba, marar lafiya ya amfana, wato hular nan da muke zagayawa da ita, sai dai ita ana cika ta tun kafin jini ya zuba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma hadisin Abu Zarri da ke cikin Buhari kun fi ni saninsa: masu yi muku hidima 'yan'uwanku ne, kada ku ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu, in kun ɗora to ku taimaka musu.

Ku masu fata na Chalawa, wannan taku ce. A 2002 kamfanin haƙar ma'adinai na Anglo American a Afirka ta Kudu ya fara ba ma'aikatansa maganin cutar ƙanjamau kyauta, tun gwamnatin ƙasar ba ta fara rabawa a asibitocinta ba. Lissafi suka yi, suka ga binne ƙwararre da horar da sabo ya fi maganin tsada. Amma a ƙasar dai, masu haƙar zinariya sun shafe shekaru suna kau da kai daga ƙurar da leburori ke shaƙa a cikin rami. Mutum ya gama aiki ya koma ƙauyensu a Lesoto ko Mozambik, huhu ya ƙandare, tarin fuka ya shiga. Ciwon bai nuna a ƙofar kamfani ba, sai aka ɗauka an tsira. A 2018 kamfanoni shida suka amince za su biya diyyar rand biliyan 5, bayan da yawa daga masu haƙƙin sun riga mu gidan gaskiya. Sinadarin jima da yaranku ke tsoma hannu a ciki ba safar hannu, ba takalmin roba, shi ma ba ya nunawa a rana ɗaya. A fata yake farawa, da hanci, da ƙirji. Wata rana wani lauya zai zauna ya tattara sunaye.

Abin da zai ba ku mamaki, ko kuma ba zai ba ku ba, shi ne yawancin abin da nake roƙo doka ta riga ta ɗora muku. Dokar Ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aikinsa cikin wata uku da ɗaukarsa, ta ba shi kwana 12 na jinya da albashi a shekara in likita ya tabbatar, ta ba mai juna biyu mako 12 da aƙalla rabin albashi in ta kai wata shida tana aiki. Matan da ke tsintar roba da masu ɗura kaya a leda, nawa ne a cikinsu suka taɓa jin wannan? Abin da na sani shi ne mace na ɓoye ciki da zumbulelen hijabi har sai ya gagara ɓoyuwa, ranar nan kuma aiki ya ƙare. Dokar fansho ta 2014 ta ce ku zuba kashi 10, ma'aikaci kashi 8, ku kuma yi masa inshorar rai da ta kai ninki uku na albashinsa na shekara. Dokar 2022 da ta kafa NHIA, hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, ta mayar da inshorar lafiya tilas. Ta 2010 kuwa, ta biyan diyyar ma'aikata, ita ce 'yar'uwar waccan ta Jamus: ku zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun NSITF na gwamnatin tarayya, shi kuma asusun ya ɗauki jinya da diyyar wanda ya ji ciwo a bakin aiki. Ni akawu ne, bari in buga muku. Mai ɗaukar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, zubinsa naira 700 ne a wata. Bai kai litar dizal ɗaya ba. Kuma dokar ba ta bar ƙofar da kuke bi ba, domin a fassararta ma'aikaci ya haɗa da na wucin gadi, da na rabin lokaci, da ɗan koyo, ko da baki aka ɗauke shi ba da takarda ba.

Na san abin da za ku ce, kuma ba ƙarya ba ne. An cire tallafin mai a 2023. A Afrilun 2024 aka ninka kuɗin wutar rukunin A fiye da sau uku. Dala ta tashi, kayan waje masu araha sun cika kasuwa, masu karɓar haraji kuma wannan na fita wancan na shiga. Duk wanda ya bi ta Sharaɗa ko Bompai ya ga gine-ginen da ciyawa ta cinye, wasu sun koma sito, wasu gidan ƙadangaru. Wanda har yau injinsa ke juyawa a garin nan jarumi ne, ban rage masa komai ba. Za ku kuma ce kuɗin da ya shiga hannun hukuma fitowarsa sai an sha wuya, kamfanonin da ke shiga tsakani su riƙe kuɗin asibiti, ma'aikaci ya je da kati a ce masa maganin babu, ya saya a kemis. Wannan ma ana yi. Amma a nan ne nake ganin kun fi kowa dama, kun kuma fi kowa sakaci. Lebura ɗaya da katinsa ba wanda zai saurare shi. Ƙungiyar da ta zo da sunayen mutum dubu goma, ita ke zaɓar asibiti, ita ke gindaya sharaɗi, ita ke cewa in ba a gyara ba za mu kwashe mutanenmu. Kun iya haɗa kai ku tafi Abuja a kan kuɗin wuta da harajin kwastan. Ban taɓa jin kun haɗa kai kun je kun ce ga ma'aikatanmu da suka jikkata, ina diyyarsu ba.

Kuma ku daina ganin kamar yanzu ba kwa biya. Ni ke riƙe da littafin adibas. Cikin masu zuwa neman bashin albashi, mafi yawansu takardar asibiti ce a hannunsu: matata za a yi wa aiki, yaro na buƙatar jini, tsohuwa za a yi wa wankin ƙoda. A ƙasar da sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya daga aljihun mutane yake fita kai tsaye, ina kuke zaton aljihun lebura yake samowa? Bashin da ba ya dawowa, fashin aiki, kayan da ke bin ta katanga da dare, ƙwararren mai gyaran injin da ya gudu zuwa inda ake ba da kati, duk biya ne, sai dai ba a rubuta shi a shafin da ya dace.

Roƙona a zamanku na gaba, ko na ƙungiyar masu masana'antu ne ko na 'yan kasuwa, ku sa maganar a takardar taro, kada ta tsaya a hirar bayan cin abinci. Kowa ya zo da ainihin adadin mutanen da ke shiga ƙofarsa da safe, har da na ɗan kwangila, kada kuma a sabunta wa ɗan kwangila aiki sai ya nuna rasidin zubin mutanensa. Ku yi rajistarsu a dunƙule, da matansu da 'ya'yansu. Ku ɗauki mutum biyu ko uku da suka san injin, ku biya su daga asusun ƙungiya, su riƙa zagayawa ba sanarwa, kuma kada wanda aka kama ya ɗauki waya ya kira shugaba. Ku ba manajojinku izini a rubuce cewa in jini ya zuba a fitar da kuɗi a take, a yi bayani daga baya. Wanda ya nakasa a kan injinku kuma, kafin a kira akawu ya zo da rula, a zagaya kamfanin a ga ko akwai kujerar da zai iya zama.

Yaron nan na gan shi bara a bakin wata tasha, da faranti a gabansa yana sayar da goro da alawa. Ya zama magidanci, har da furfura ɗaya-ɗaya a gemu. Na so in kauce, ya riga ya hango ni. Ya taso da murna ya ba ni hannun hagu, ya ce, "Baba Akawu, kana nan? Ina Alhaji, yana lafiya? Don Allah in ka gan shi ka gaishe shi, ya taimake ni sosai lokacin nan." Ya ƙulla mini goro biyu a leda, na yi na yi ya karɓi kuɗi ya ƙi.

Wassalam.

Naku,
Tsohon akawun albashi,
Kano.